Yadda Za Ka Zaga Kano Ka Kuma Sada Zumunci Daga Juma'a Zuwa Lahadi

Da yawa daga masu shigowa Kano a ƙarshen mako daga Kaduna, Abuja, Jos ko Damagaram sukan zo da niyyar ganin gari, amma su koma gida ba su ga komai ba sai falon 'yan uwa da ƙeyar motar da ke gabansu a cunkoso. Abu biyu ne ke cinye lokacin: gaisuwar da ba a tsara ba, da ƙetara gari daga wannan kusurwa zuwa waccan sau uku a yini. Tsarin da ke aiki shi ne ka ba gari safiya, ka ba mutane yamma, sannan ka riƙa bin unguwannin da ke kusa da juna. Ga yadda ake yi.

Kafin ka taso

Fara da kalanda. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata ranar tsaftar muhalli ce a Kano, ana taƙaita zirga-zirga daga 7 zuwa 10 na safe. Waɗannan awa ukun kuwa su ne mafi daraja a duk tafiyar, don haka in da hali ka zaɓi wani makon. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi daɗin yawo da ƙafa, sai dai ƙura da kaushi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, wanda duk ya ce zai yi yawon rana a lokacin, jikinsa zai gaya masa. Da damina kuma lungunan cikin gari kan caɓe. Idan hawan Sallah ne ya ja ka, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon al'adun duniya a Disambar 2024, to wannan wata tafiya ce ta daban, kuma sai ka tabbatar za a yi, domin tun da rikicin sarauta ya taso a 2024 an sha dakatar da shi.

Daga nan sai ka ɗauki takarda ka rubuta sunan duk wanda kake da shi a garin, ka kasa su uku. Kashi na farko iyaye da manya, waɗanda dole ka taka ka je ka durƙusa. Na biyu abokai da sa'o'i, waɗanda za a iya tarawa wuri guda a zauna. Na uku waɗanda kiran waya ya ishe su. A gaban kowane suna ka rubuta unguwarsa. Nan da nan za ka ga cewa gwaggonka ta Gwammaja da kawunka na Kurna hanya ɗaya ce, abokinka na Hotoro da na Tarauni ma haka, amma wanda ke Rijiyar Zaki shi kaɗai zai cinye maka yammaci guda. Gaskiya ne zumunta a ƙafa take, amma ƙafar ba za ta kai gida goma sha biyu a kwana biyu ba. Gida huɗu ko biyar na manya ya isa.

Wani abu kuma: kada ka saka hoton shigowarka gari a WhatsApp ranar Juma'a. Duk wanda ya gani ya shiga lissafi, kuma wanda ba ka je wa ba zai riƙe ka a zuci. Hotunan su jira sai ka koma.

Masauki ma sai an yi tunani. Sauka a gidan ɗan uwa ya fi araha, ya fi daɗi, amma lokacinka ya zama nasu: ba za ka fita ba sai an karya kumallo, kuma kumallon ba zai sauka ba sai tara. Idan nan za ka sauka, ka faɗa wa matar gidan tun daren Juma'a cewa da asuba za ka fice, kada ta wahalar da kanta. Otal-otal na Nassarawa da Bompai sun fi natsuwa, na wajen Sabon Gari sun fi sauƙin kuɗi amma sun fi hayaniya. Ka zo da takalmi rufaffe mai sauƙin cirewa, domin za ka cire shi sau da yawa, a masallaci da zauruka. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana saboda adaidaita sahu da 'yan sayayyar bakin hanya. Masu POS suna ko'ina, manyan 'yan kasuwa kuma suna karɓar taransifa, amma mai gurasa ba za ta tsaya jiran alat ba.

Juma'a

Ka yi ƙoƙari ka shigo kafin sha biyu na rana, ko kuma bayan uku. Tsakanin nan ana rufe tituna da dama saboda sahun sallah, musamman kewayen Babban Masallaci na cikin gari. Mai zuwa ta hanyar Zariya a motar haya zai sauka a Na'ibawa ko Unguwa Uku, daga nan adaidaita sahu zai kai shi ko'ina. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni tun 2013, saboda haka adaidaita ne abin hawa. In kana so ka tafi kai kaɗai sai ka ce "diraf", ku yi ciniki kafin ka shiga. In kuwa da motarka ka zo, ka kiyaye fitilar hanya da wurin fakin, jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ba sa duba cewa kai baƙo ne.

Idan ka iso da wuri, ka fara da Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, domin ma'aikatar gwamnati ce ke kula da shi, ranar aiki ta fi tabbas. Gidan ƙasa ne irin na ginin Hausa, inda Hanns Vischer, Baturen da Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya zauna, shi ne kuma ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Awa ɗaya ta isa.

Sallar Juma'a ka yi ta a Babban Masallaci in ba ka taɓa ba. Ginin da ake gani yanzu an kammala shi a 1951 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a wurin tsohon masallacin ƙasa. Ka tafi da wuri da darduma ko ɗan abin shimfiɗa, domin mai yiwuwa a waje za ka sami sahu.

Bayan la'asar lokacin manya ne. Yammacin Juma'a dama al'adar gari ce a yi ziyara, za ka same su a gida. Kada ka je hannu rabbana: lemo da kankana, ko goro ga dattijuwa mai ci, ko turare, ko 'yar ambulan. Ga dabarar da ke ceton lokaci: ka faɗi uzurinka tun kana durƙushe, kada ka bari sai an kawo abinci.

"Gwaggo, ina wuni? Mun same ku lafiya? Yau na shigo, na ce da ke zan fara. Daga nan gidan Kawu zan wuce kafin magariba."

"A'a, ɗan nan, ko ruwa ba za ka sha ba? Ga tuwo can a kan wuta."

"Zan sha ruwa, Gwaggo. Tuwon a ajiye mini bashi."

Kalmar "da ke zan fara" ita ce ke biyan rabin bashin. Minti talatin zuwa arba'in a kowane gida, ka sha ruwa, ka ɗanɗani abin da aka ajiye, ka tambayi lafiyar kowa da sunansa. Idan an yi rasuwa a dangi ba ka sami zuwa ba, wannan gidan ne na farko ko da ya saɓa wa tsarin hanya. Ta'aziyya ba ta bin taswira.

Da daddare kada ka tsawaita. Ka ci tsire ko balangu kusa da masauki ka kwanta, gobe da sammako.

Asabar: cikin ganuwa

Bayan sallar asuba da ɗan hutu, ƙarfe bakwai ta yi maka a gindin Dutsen Dala. Akwai matakala ta siminti har sama, hawan ba ya da tsawo amma yana da tsini, wanda ba ya motsa jiki zai tsaya sau ɗaya ko biyu. A nan garin ya faro. Maƙera ne suka fara zama a gindinsa suna haƙar tama, kuma a nan tarihi ya ce Barbushe, shugaban mazauna wurin, yake shiga wurin Tsumburbura, abin bautarsu, sau ɗaya a shekara ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru. Daga sama za ka hango hasumiyoyin Babban Masallaci da Goron Dutse, da rufin kwano har iya ganinka. Amfanin fara hawa nan shi ne duk inda za ka bi a yinin ka riga ka gan shi daga sama. Yaran unguwa za su biyo ka suna ba ka tarihi, wani daidai wani ƙari, ka ba su na alawa. Kada ka hau kai kaɗai da yamma lis, kada kuma ka riƙa ɗaga waya barkatai.

Da ka sauko, Gidan Mambayya yana nan kusa a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983 kuma a nan kabarinsa yake. Yanzu cibiya ce ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Ƙanƙantar ɗakunan da ya zauna a ciki ita ce abin gani, ga mutumin da mafi yawan jihar ta bi a siyasa.

Kumallo a cikin gari sai gurasa. Ana danganta ta da Larabawan da suka zauna a Kano don fatauci, har yau akwai unguwar da ake kira Ceɗiyar 'Yan Gurasa, kuma a tanderu ake gasa ta, a manna ƙullun a jikin tukunyar mai zafi. Ka ce a yi maka bandashe. Mai sayarwa za ta ɗauki gurasar ta yayyafa mata ruwa ta yi laushi, ta barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli har farin ya ɓace, ta zuba man gyaɗa yana bin gefe, sannan yaji, sannan albasa da tumatir. Da hannu ake ci, a tsaye ko a kan benci. Guda biyu za su riƙe ka har azahar.

Ƙarfe tara da rabi zuwa goma Kasuwar Kurmi ta fara buɗewa sosai. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta, kuma a da nan ne ayarin raƙuma daga Agadas da Arewacin Afirka ke sauke kaya su ɗauki tufafi da fata. Matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya shigo ta a 1851 ya yi mamakin yawan cinikin tufafin da ya gani. Yau ba ita ce babbar kasuwar kuɗi ba, amma babu wadda ta kai ta abin kallo. Lungunan ƙanana ne, wani wurin mutum biyu ba sa gogayya sai ɗaya ya karkace, kuma kowane layi da sana'arsa: masu sirdi da linzami da kayan adon doki, masu jakunkuna da takalman fata, masu huluna, masu littattafan addini, masu kanwa da kayan ƙamshi, masu tasoshin tagulla. Layin kayan doki ne na fi so a tsaya, domin a nan ake ganin ainihin aikin da ke fitowa ranar hawa, ana ɗinka shi a gabanka.

Ciniki a Kurmi yana da ladabinsa. Ka yi sallama, ka gaisa, sannan ka tambayi kuɗi. Idan ya faɗa, ka ce, "Alhaji, nawa ne gaskiyarsa?" Ka taya ƙasa da abin da kake niyyar biya, ya ce albarka, ka ƙara kaɗan, har ya sallama. Abin da ba a so shi ne ka taya, a sallama maka, ka fasa. Idan ba saye za ka yi ba, ka faɗa tun farko cewa kallo kake, ba wanda zai ji haushi. Kafin ka ɗauki hoton mutum ko rumfarsa ka nemi izini. Mai son ja-gora zai samu a bakin kasuwa, amma ku yanke ladansa tun kafin a fara, ka kuma san cewa rumfunan da zai kai ka yana da kamasho a cikinsu.

Daga Kurmi adaidaita zai kai ka Ƙofar Kudu cikin 'yan mintoci. Gidan Rumfa, fadar Sarki, gida ne da ake zaune a ciki, ba a shiga sai da izini, saboda haka baƙo ya tsaya a fili ya kalli ƙofa da dogarai da jajayen rigunansu. Abin shiga shi ne Gidan Makama da ke daura da fadar, inda Rumfa ya zauna tun yana riƙe da sarautar Makama, yanzu kuma gidan tarihi ne. Ka kula da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da aka ajiye, da hotunan zuwan Turawa a 1903, lokacin da Sarki Alu yake hanyar Sakkwato. Ka kuma ɗaga kai ka dubi ɗaurin gugan rufin zaurukan, yadda aka lanƙwasa azara aka lulluɓe da ƙasa ba ƙarfe ba siminti. Za ka ji sanyin ɗakin ya bambanta da na waje. A nan kusa za ka yi azahar.

Tasha ta ƙarshe ita ce marinar Ƙofar Mata, kusa da Asibitin Murtala. Masu marinar suna ƙirga kafuwarta daga 1498. Rijiyoyin rini ne jere a ƙasa, da yawa sun bushe an daina amfani da su, amma waɗanda ke aiki sun isa kallo. Ana haɗa ruwa da toka da baba da katsi, wato dagwalon tsohon rini da aka busar, a bar su su yi makonni har rinin ya nuna. Marini yana zaune a bakin ramin, hannunsa shuɗi har gwiwar hannu, ya tsoma yadi ya ɗago, ya sake tsomawa. Tsaya ka kalli lokacin da ya ɗago: yadin yana fitowa da launi kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a kan idonka. Yawan tsomawa shi ke sa duhun launi. Zanen da ke jiki mata ne ke ƙulla shi da zare a gida kafin a kawo. A gefe akwai ɗakin masu bugu, suna zaune a jere suna dukan yadi da tabarya a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli. Ka sayi ko da yadi ɗaya daga hannunsu. Farashin ya fi na rinin kanti, aikin ma ya fi.

In ƙarfe biyu ta yi, ka koma masauki ka yi wanka ka miƙe. Ganuwa kuwa ba sai ka ware mata lokaci ba: an fara gina ta zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, kuma abin da ya rage daga gare ta za ka gani a mota idan ka bi ta wajen Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya. Gine-gine sun ci mafi yawanta, abin takaici ne.

Yammacin Asabar

Nan ne kashi na biyu na takardarka ke shigowa. Kada ka bi abokai ɗaya bayan ɗaya. Tun ranar Laraba ka kira wanda ya fi kowa jama'a a cikinsu ka ce, "Mutumina, ina shigowa, ka tara mana 'yan ajinmu bayan la'asar ranar Asabar." Shi zai san majalisar da ta dace, ko wani gidan abinci a Titin Zoo ko Nassarawa. Mata sukan fi son haɗuwa a gidan ɗaya daga cikinsu, kowa ta zo da abin da ta dafa. Zama ɗaya na awa uku ya fi ziyara shida ta tsaitsaye. Kai da ka tara mutane ka yi niyyar biyan nama da lemo, ko da yake da wuya Kanawa su bar baƙo ya biya, za a yi ta ja-in-ja a gaban mai tsire.

A majalisa za a taɓo siyasa da sarauta, babu makawa. Baƙo ya saurara ya yi dariya. Ba ka san wane ne ɗan wane ɓangare ba, kuma kwana biyu ba su isa gyara abin da kalma ɗaya za ta ɓata ba.

Mai son kallo ya tambaya ko ana dambe a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari. Komawa masauki kuma a shirya ta tun da wuri: a 2022 gwamnatin jihar ta sa dokar hana adaidaita sahu aiki daga 10 na dare zuwa 6 na safe, kuma ko ba doka, abin hawa yana wahala in dare ya yi. Ƙwacen waya matsala ce da mutanen gari da kansu ke kuka da ita, saboda haka a cikin adaidaita wayarka ta zauna a aljihu, a lungu mai duhu kuma kada ka amsa kira.

Lahadi

Idan akwai ɗaurin aure a dangi, yawanci da safe ne, tsakanin goma da sha ɗaya, kuma nan za ka ga mutum talatin cikin rabin awa, har da na kashi na uku da ka yi niyyar kira kawai. Ka je da wuri, domin ɗaurin auren Kano ba ya jiran kowa, wani lokaci kana neman wurin fakin ake shafa fatiha.

In babu biki kuma da yara a tafiyar, a kai su Gidan Zoo na Audu Bako da safe kafin rana ta yi, ga kuma rukunin kantunan Ado Bayero a kan titin ɗaya. Sayayyar shadda, atamfa ko leshi a Kantin Kwari ta fi kyau a matsa ta zuwa yammacin Juma'a ko Asabar, lokacin da kasuwar ke cike, kuma ka shiga da wanda ya san gidajen, in ba haka ba 'yan kamasho za su yi ta yawo da kai. A Sabon Gari shaguna da yawa ba sa buɗewa ranar Lahadi. Mai son ƙwallo ya duba ko Kano Pillars na wasa a gida a filin Sani Abacha, amma wasan na yamma ne, wanda ya tsaya kallo sai dai ya ƙara kwana.

Tsarabar ci ita ake bari sai ƙarshe don ta isa gida da sabunta. Kilishi a Agadasawa, ka ɗanɗana kafin a nannaɗe, ka ce a raba maka ƙunshi-ƙunshi gwargwadon gidajen da za ka ba. Alkaki da dubulan sai an yi oda, don haka ka sa matar mai masaukinka ta yi wa mai yi magana tun ranar Juma'a. Idan a gidan ɗan uwa ka sauka, ka bar wa yara wani abu a hannun uwarsu.

Mai tafiya ta mota ya bar gari da an yi azahar, don ya wuce Zariya da sauran rana, kada dare ya same shi a hanya. Mai jirgi ya ba hanyar filin jirgin Malam Aminu Kano ƙarin minti talatin saboda cunkoson Fagge da Titin Katsina. Waɗanda ba ka samu ka gani ba, ka kira su kana cikin mota, ka ce ka shigo a gurguje, ka ba da haƙuri, ka faɗa musu watan da kake sa ran dawowa.